Baƙin Mai da Motar Gadon Uwani

Sabon Gari, Gusau.

Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce daga Innarki, ko da yake bango ɗaya ne tsakaninmu, ina zaune a inuwar darbejiya ina jin motsinki kina ɗaure kaya. Allah Ya tashe ki lafiya gobe, Ya shimfiɗa miki hanya daga ƙofar gidan nan har Zariya, Ya tsare ki daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum. Aikin asibitin da kika samu, Allah Ya sa ya zame alheri gare ki da marasa lafiyar da za su faɗo hannunki.

Kin san ni da kunyar 'yar fari, ga shi kuma sunan surukata aka sa miki. Tun da na haife ki ban taɓa kiran sunanki na yanka ba, ban kuma taɓa zaunar da ke na ce ga abin da ke raina ba. In na buɗe baki da niyyar yabo, sai faɗa ya riga fitowa. Shi ya sa na ɗauki biro. Wa'azin zama da mutane, gwaggonki da za ki sauka wurinta za ta yi miki har ki gaji. Ni maganar baƙin mai zan yi miki, wanda ake zuba wa injin mota. Yi dariyarki, ai ina jiyo ki. In kin gama ki karanta, don motar nan da za ki tafi da ita ba kyauta na yi miki ba. Taki ce tun kina 'yar firamare, kuma akwai abin da ban taɓa gaya miki a kanta ba.

Da Allah Ya karɓi ran mahaifinki, aka zauna rabon gado a zauren gidan nan. Abin da ya bari ba shi da yawa: gidan, da gonarsa ta Kucheri, da 'yar Japan ɗin nan da ya sayo ta Kwatano. Da yake ke kaɗai ce, 'yan'uwansa suna da rabo. Bayan an fitar mana da gida, sai ya rage zaɓi ɗaya, ko gona ta faɗo ɓangarenki ko mota. Kowa a zauren ya ɗauka maganar ta ƙare, wa zai bar ƙasa ya ɗauki ƙarfe? Ni kuwa daga bayan labule na ce mota.

Dalilin da na faɗa musu shi ne sana'ata. Ni 'yar Bungudu ce, a cikin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli na tashi. Na ce da mota zan ɗauko gyaɗa da kaina, in kai mai shaguna, in kai ki makaranta, gona kuwa mace a Gusau da 'yar yarinya ba za ta iya noma ta ba. Wannan gaskiya ne. Amma akwai dalilin da ban faɗa ba. Kujerar direba tana ɗauke da ƙamshin turarensa, kuma ban iya jure in ga wani ya ja ta ya fita da ita ba.

Baffanki na Kucheri, wan mahaifinki, ya juyo wajen labulen. Can ya gyara zama ya ce, "Luba, ƙasa ba ta tsuhwa. Ƙarhe kau tsatsa ka jiranai. Ran da ɗiyag ga tag girma, mi za ki miƙa mata? Rana dai ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya." Kada ki riƙe shi da wannan, Uwani, don ba mugunta ya yi ba, ke yake karewa. Malamin da ke rabon ya tambaye ni ko na ɗauki amanar, na ce na ɗauka. Daga ranar na san in motar nan ta mutu a hannuna, sunana wadda ta salwantar da gadon marainiya, kuma babu bakin da zan kare kaina da shi.

Kawunki ya koya mini tuƙi a filin makaranta a Bungudu, na kusa halaka akuyar mutane, amma na iya. Sai lokacin juye ya zo, wato a zubar da tsohon man inji a zuba sabo. A nan na fara kwafsawa, kuma gwanintata ce ta ja mini. Na ce ni da na san mai tun ban san tsarki ba, wa zai koya mini zaɓen mai? Na tafi kasuwa wurin wani mai sayarwa, na sa ya ɗiga mini kowane iri a yatsa, ina murzawa kamar yadda nake yi wa man gyaɗa. A wurinmu mai na ƙwarai shi ne mai jiki, in ya yi tsululu an yi masa algus. Sai na nuna wanda ya fi kowane kauri, wanda aka rubuta 20W-50 a jikin galan ɗinsa. Mai shagon ya ce, "Hajiya, kin iya zaɓe. Wanga shi ka jure zahin ƙasarmu." Na koma gida ina jin kaina.

Ba a jima ba mota ta fara yi mini gaisuwar da ban gane ba. Da safe in na tayar sai in ji ƙas-ƙas-ƙas daga saman inji, ya ɗan daɗe kafin ya lafa. Ta yi nauyi a hawa, ga shan fetur kamar an huda tanki. Dole na sauke girman kai na kai ta garejin Malam Mu'azu, bakaniken mahaifinki, wanda kika sani da farin gemu yanzu. Na bar ta ta kwana, washegari na koma da sassafe. Ya ce in tayar ya ji. Na murza makulli, na danna totur da ƙarfi yadda kawunki ya koya mini, wai don ta farka. Malam Mu'azu ya toshe kunnuwa.

"Subhanallahi! Marigayi bai taɓa yi mata haka ba," in ji shi. "Ba ki ganin in yat tada ta shi kan duƙad da kai shi yi shiru?"

Na ce, "Ai addu'ar hawa abin hawa yake yi."

Ya yi dariya har ya dafa bonet. "Addu'a shi kai, ƙwarai. Amma bakinai na wurin Allah, kunnenai na wurin inji. Jira shi kai mai shi hau sama."

Uwani, shekarun da na yi ina zaune a gefen mutumin nan, kullum in ga ya sunkuyar da kai bayan ya tayar da mota, ni ma in ɗaga hannu in shafa, ban taɓa sanin abu biyu yake yi ba. Ashe in mota ta kwana, man duk yana gangarawa ƙasa, sai an tayar sannan ya hau ya shafe ƙarafan da ke sama. Kafin ya iso, ƙarfe da ƙarfe ke gugar juna a bushe, shi ne ƙas-ƙas ɗin da nake ji. A garejin nan, a gaban mutane, hawaye suka zubo mini, na ja mayafi na ce hayaƙi ne.

Malam Mu'azu ya goge murfin da ake buɗewa a zuba mai, ya nuna mini. Rubutu ne ɓaro-ɓaro, 5W-30. Tun daga ƙasar da aka ƙera ta motar ta zo da bayanin abincinta a goshi, ni kuwa na tafi kasuwa ina tambayar yatsana. To ga yadda na fahimci lambobin, na kuma riƙe har yau. Ta farko, mai harafi a gefe, tana faɗin yadda man ke gudu da safe inji na sanyi. In ta yi ƙanƙanta, man ya fi saurin hawa. Ta biyu tana faɗin jikin da man ke riƙewa bayan inji ya ɗauki zafi. Hanyoyin da mai ke bi a cikin irin waɗannan injinan na Japan sirara ne, kuma kin sha ganina ina fama da mazurari mai ƙaramin baki in man gyaɗa ya daskare da sanyi. Haka injin ke fama da mai kauri.

Saboda haka ki riƙe wannan: biyar-talatin ne abincin motarki. Za ki haɗu da masu ce miki zafin Arewa sai mai kauri. Direbobin tasha za su faɗa, maƙwabta za su faɗa, har wanda bai mallaki keke ba zai ba ki fatawa. Ba duka ƙarya suke ba, akwai tsofaffin motocin da mai kaurin ne nasu, akwai kuma sababbin da suke shan wanda ya fi namu ruwa-ruwa, mai sifili a gaba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ke dai duk motar da Allah Ya ba ki nan gaba, kafin ki tambayi mutum ki tambayi murfi, in babu rubutu a kai ki nemi littafin motar. In kuma wata rana tamu ta tsufa har ta fara ƙone mai tana shuɗin hayaƙi, bakanike mai amana ya duba, wataƙila ya ce a ɗan ƙara kauri kaɗan. A hankali ake hawa, ba a yin tsalle.

Da aka zuba mata nata sai ta koma kamar an sauke mata buhu. Da na tsaya nan, da na huta. Amma ni Luba, sai da na sake kai gwanintar kasko cikin inji.

Bayan 'yan makonni na zaro geji, sandar ƙarfen nan da ake duba yawan mai da ita, sai na ga man da na zuba launin zuma ya fara duhu. A kaskona, man da ya yi baƙi ya mutu, ko almajirar sana'a ta san wannan. Na ce an cuce ni, mai tsada kuma ya lalace da wuri haka? Maimakon in koma in tambaya, sai na yi fushi ni kaɗai. Wata rana a bakin hanya na ga ana sayar da na awo a kwalabe, mai shi ya rantse mini nasa ba ya baƙi. Na gwada, kuma wallahi bai yi ƙarya ba. Duk sanda na zaro geji sai in gan shi garau. Ga araha, ga kyan gani. Da yake kullum garau yake, sai na daina ma gaggawar juye, na kuma daina bi ta ƙofar garejin Malam Mu'azu. Haka na ɗauki lokaci mai tsawo ina yaba wa kaina wayo.

Ranar da asirina ya tonu kina wurin, ban sani ba ko kin tuna. Suna ake yi a gidan Baffanki, muka yi anko, na sa ki a baya da kwanon cincin a cinya. Mun wuce Tsafe lafiya, har muna hango rumbunan Kucheri, sai wata 'yar jar fitila mai kama da butar shayi ta kama a gabana. Na kasa kunne, sai ga ƙas-ƙas ɗin nan, wannan karon kuwa inji da zafinsa. Abu ɗaya na yi daidai a ranar: ban ce bari in lallaɓa mu ƙarasa ba. Na sauka gefen hanya na kashe ta nan take.

Kin san da me aka shigar da mu gari? Da shanun noman Baffanki. Aka ɗaura igiya, ina riƙe da sitiyari cikin sabuwar atamfa, shanu biyu suna jan mu a hankali, duk 'yan suna sun fito ƙofar gida suna kallo. Motar da aka zaɓa aka bar gona, ga shanun gonar suna jan ta. Ke kuwa sai tafi kike kina murna, wai ko taka totur ba a yi ana tafiya. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, abincin sunan ma ban iya kai shi baki ba.

Da la'asar Baffanki ya kira ni zaure. Da ya yi mini gori, da ya fi mini sauƙi, amma sai ya yi magana a hankali. Ya ce, "Luba, ba a jayayya da ƙaddara. A sai da ta tun tana da sauran daraja, ni kau in yanka ma yarinya wani ɓangare cikin gonar. Ba wanda za ya ji." Tayi ne na mutumin kirki, kuma saura kaɗan in karɓa. Sai na tuna a gaban mutane na amsa. Na ce, "Yaya, na gode. Amma a gaban jama'a na ɗauki amanar nan, a bar ni in sauke ta a gaban jama'a." Ya dube ni, ya ce Allah Ya taimaka. A muryarsa na ji bai sa rai ba.

Aka jawo ta Gusau. Malam Mu'azu bai ce mini ina kika shiga ba, ya dai kwance kaskon da ke ƙasan inji ya ajiye a gabana. Uwani, tunkuza ce. Baƙar tunkuza mai danƙo, sai an sa cokali an kankare. Ta toshe 'yar rariyar da mai ke bi ya hau sama. Ya ce da na ƙara tafiya ko zuwa ƙofar gidan sunan, da inji ya buga. Na ce to yaya man da kullum yake garau zai yi wannan aika-aika? Ya ce, "Hajiya, in kinka yi wanki kinka ga ruwan ya hito garau, kayan sun hita?" Ashe man kirki yana da abin wanki a cikinsa, yana kwaso dattin inji ya riƙe a jikinsa, ranar juye su fita tare. Wanda na yi ta yabo kuwa kansa kawai yake tsarewa, ya bar dattin a ciki. Sai a ranar na gane abin da ya sa Bahaushe ke ce masa baƙin mai alhali sabonsa launin zuma ne. Sunan aikinsa aka sa masa.

To ki ji. In kin ga man ya yi duhu bayan 'yan makonni, kada ki tsorata, aiki yake. Amma kada ki ce tunda baƙi ba laifi ba ne sai ki bar shi ya shekara. Ruwan wanki ma in ya ƙoshi da datti zubarwa ake. A duk juye ki sa a rubuta miki lambar kilomitar da in ta cika za ki sake juye, kuma da irin zafinmu da cunkoson gari, gara ki riga lokacin da ki wuce shi. Kowane juye da sabuwar filta, wato matatar mai, kada wani ya ce miki tsohuwar tana da saura. Launin da za ki ji tsoro shi ne in kin ga man ya koma kamar shayi da madara, wannan ruwa ne ya shiga, sai gareji. Jar butar nan kuwa in ta kama kina tafiya, ko a ƙofar gidan biki ne, ki tsaya ki kashe. Gara shanu su ja ki.

Yanzu bari in ɗan yi fahariya, don na gaji da ba ki labarin faɗuwata. Yatsa ya yaudare ni, ido ya yaudare ni, amma hancin 'yar Bungudu bai taɓa ba ni kunya ba. Wata rana na sayi galan mai babban suna, wanda kowa ke yabo, lambarsa daidai. Da aka zo buɗewa sai na ga murfin ya juya ba tare da ƙarar tsinkewar zoben nan na roba ba. Na ce a dakata. Na kai hanci. Ƙauri! Ƙaurin man da ya taɓa hawa wuta, irin wanda ko a cikin barci na san shi. Tsohon mai ne aka tace aka ɗura a galan na gaske. Na ɗauki abina na koma shagon, na ajiye a kan teburinsa, na ce, "Malam, ni mai suya ce. Wannan ya taɓa suya." Bai yi gardama ba, ya dai rantse shi ma haka aka kawo masa. Ko gaskiya ne ko ƙarya, tsakaninsa da Allah, ni dai ban sake taka ƙofarsa ba.

Shi ya sa in an tambaye ni wane kamfani ya fi, nakan ce ba a nan gizo ke saƙa ba. Masu jan galan da masu shuɗi da masu ruwan toka, kowa da 'yan bayansa, in suna musu sai ki ce 'yan siyasa. Na yi amfani da fiye da ɗaya cikin sanannun, duk sun riƙe ta lafiya. Abu biyu ne ba na sassauci a kansu: lambar ta dace da murfi, man kuma ya zama na gaske. Ki saya da kanki a babban gidan mai ko wurin dilan da ke da shagon da ba zai tashi gobe ba. Ki ji ƙarar tsinkewar zobe da kunnenki, ki tsaya a zuba a kan idonki. In aljihu ya yarda ki sayi wanda suke ce wa sintetik, ya fi jure zafi. In kin samu wanda ya karɓe ta ki zauna a kansa, ki ajiye ɗan ƙaramin galan irinsa a but saboda ciko.

Kin sha yi mini tsiya wai Inna mai ɓarnar galan, don kin ga ina soka wa kowane wuƙa bayan juye. Kina tsammani ba ya yi mini ciwo? Ni da a gidanmu ko kwalbar magani ba a yarwa! Amma akwai masu bi gareji-gareji suna sayen galan marar komai, kuma yanzu kin san abin da ake ɗurawa a ciki. Duk wanda na huda, na san ba za a cuci wata da shi ba. Ke ma ki huda.

Sauran ƙanana ne. Ki riƙa zaro geji da safe kafin ki tayar, motar tana tsaye a wuri mai daidai. Ki goge, ki mayar, ki sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin alamomi biyun nan. Kada son ki kyautata mata ya sa ki cika ya wuce ta sama, yawansa ma cuta ne. In kin ga ɗigo a inda ta kwana, kada ki ce gobe.

Tun daga ranar tunkuzar nan, Uwani, ba a sake buɗe cikin injin nan ba. Ina so ki karanta wannan layin sau biyu. Ta ɗauko gyaɗa daga Tsafe, ta kai mai har shagunan da ban taɓa mafarkin shiga ba. Ta kai ki firamare, ta kai ki sakandare, ta kai ki makarantar koyon jinya da katifarki a kan rufi. Ita ta ɗauko kakarki daga Bungudu ranar da numfashinta ya sarƙe, ta kawo ta asibiti a kan lokaci. Sa'o'inta da aka shigo da su tare, da yawa suna bayan gareji kaji na ƙwai a ciki. Tamu kuwa in tana tsaye a kunne sai kin dafa bonet za ki tabbatar. Dillalai sun tare ni ba sau ɗaya ba, ina ce musu ba tawa ba ce, mai ita tana makaranta. Na yi alfahari, kuma ba zan ɓoye ba. Allah na gode maSa.

Ranar Juma'ar da ta wuce da na ce miki zan je Tsafe, Kucheri na wuce. Na ajiye motar daidai inda shanu suka ajiye ta a wancan karon. Na shiga na gaisa da mata, na ci tuwo, na yi hira, da gangan na daɗe don injin ya huce sarai. Sannan na aika a ce wa Baffanki ina roƙon ya fito. Ya tsufa, Uwani, da sanda yake tafiya yanzu. Na buɗe masa gaba na ce, "Yaya, shiga ka ji wata magana." Ya shiga yana mamaki.

Na murza makulli, na sunkuyar da kai. Ta tashi lumui, ko ƙas ɗaya babu. Da na gama addu'a na ɗago, sai na ga shi ma kansa a sunkuye, kuma bai ɗago ba. Can ya ce, "Kashe ki sake tada ta." Na kashe na sake. Ya dafa gaban motar da tafin hannunsa, ya daɗe. Sannan ya ce, "Muryatta ba ta sake ba. Haka ta ka yi hannun ƙanena." Ya sa bakin rawani ya goge ido, ni kuma na juya ina kallon rumbu.

Na ce, "Yaya, ka taɓa yi mini tambaya a zaure."

Ya ce, "Ban mance ba. Na ce mi za ki miƙa mata."

Na ciro makullin mahaifinki, na asalin, mai 'yar fatar nan da hannunsa ya goge har ta yi sheƙi, wanda na ɓoye tun rasuwarsa ina amfani da na biyun. Na sa a tafin Baffanki. Na ce, "Ga shi. Amma ba ni zan miƙa ba. Kai ka yi tambaya, kai za ka ba ta amsa." Ya juya makullin a hannunsa, sai ya fashe da dariya, ya ce, "Luba, kin kada ni, kuma ban taɓa jin daɗin kaye irin na yau ba." Ya ce a gaya miki ya ajiye miki gero daga gonar, ki bar wuri a but.

Don haka kada ki nemi makulli a wurina gobe. Baffanki zai shigo a motar haya ta farko, zai kira maƙwabta biyu su tsaya, ya sa shi a hannunki a zauren da aka yi rabon. Shi ne kuma fasinjanki na farko, tunda Kucheri a kan hanyarki take. Ki sauke shi a ƙofar gida, a hankali, kowa ya gani. Ku fita da hantsi, kada ki yarda yamma ta same ki a hanya. Ni kada ki damu da ni, masu shaguna yanzu su ke aiko a ɗauka, idona ma ya fara gajiya da titi.

Rana ba ta yi ƙarya ba, ta zo. Uwar ɗiya kuma ba ta ji kunya ba.

Ba zan fito rakiya ba, kin san hali. Ina ciki wurin kasko, amma kunnena yana waje. In kin murza makulli ki sunkuyar da kai ki karanta addu'ar hawa, kada ki yi sauri. Na gwada shekara da shekaru, kafin ki shafa man ya hau. In kuwa na ji kin taka totur kafin amin, wallahi da ludayi zan fito, ko Baffanki ba zai cece ki ba.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya sauke ki lafiya, Ya haɗa ki da mutanen kirki da bakanike mai tsoron Allah. Ya jiƙan mahaifinki, Ya kai haske kabarinsa, Ya nuna masa amanarsa ta isa hannun mai ita. Ban taɓa samun abin da na yi alfahari da shi kamarki ba, har motar.

Allah Ya yi miki albarka, Hauwa'u. Ga shi na rubuta, ba dai na faɗa ba.

Innarki,
Luba.